Yadda Inna Take Gaida Allah

Mahaifiyata ba ta taɓa fara addu'a da roƙo ba, sai ta gaisa tukuna. Za ta tuɓe takalmanta ta ajiye gefe, ta durƙusa, ta gyara kallabi, sannan ta ce, "Baba, barka da hantsi." In da yamma ne ta ce barka da yamma. Sai ta ɗan yi shiru, ta ce, "Ina aiki? Ina gajiya? Sannu da ɗawainiya da mu." Ta sake yin shiru. Daga nan ta shiga ba Allah labarin gida kaf: wanda ya tashi lafiya, wanda ya kwana da zazzaɓi, akuyar da ta haihu, ruwan da aka yi ko wanda ake jira. Sai ta gama duk wannan, har ka ɗauka tashi za ta yi, sannan ka ji ta ce, "Dama wata 'yar magana ce ta kawo ni." Ko da abin da ya kawo ta ya hana ta sukuni sati guda, 'yar magana take ce masa.

Haka na buɗe ido na tarar da ita, kuma ban ga aibun abin ba sai da na yi boko.

Mu Kirista ne, a Sabon Garin Jega muke zaune. Kakannina daga ƙasar Zuru suka gangaro neman wurin noma, suka zauna a karkarar Kuberi ta Maiyama. A can aka haifi Inna, ta girma cikin Hausawa manoma, ta ɗauki bakinsu da kunyarsu duka. Ba ta taɓa zama a aji ba ko na wuni ɗaya. Babana tsohon soja ne, bayan ya ajiye kaki ya kama gadin wani sito na hatsi a bakin kasuwa. Inna kuma tana 'yar sana'ar albasa, ta saro a Aliero ta kasa a Jega.

Cocinmu a lokacin ɗaki ɗaya ne na ƙasa da rufin kwano. Ba mu da yawa, don haka ko idonka a rufe, daga kalmar farko za ka san wa ke addu'a. Babana "Ubangiji Allah Mai Runduna" yake cewa, ya miƙe ƙyam, ya jero buƙatu uku kamar mai ba kwamanda rahoto, ya ce amin kafin ka gama sunkuyar da kai. Tsohon fastonmu "Ya Uba" yake cewa, ya ja kalmar har sai numfashinsa ya kusa yankewa. Akwai wani dattijo mai gyaran keke da ba ya iya haɗa magana biyu bai sa "Mai Iko Duka" a tsakani ba, mu yara har ƙirga masa muke yi da yatsu a ƙarƙashin benci. 'Yan kudu masu shagunan kayan mota da Turanci suke tasu, da ƙarfi, suna tafi. Inna kuwa gaisuwa. Kowa ya saba da na kowa, babu mai yi wa wani dariya.

Shekara da shekaru Inna ce uwar zumunta, wato shugabar matan coci. Ba don iya magana aka ba ta ba. Ita ce ke fara isa gidan haihuwa, ita ce ke barin gidan rasuwa a ƙarshe. In mace ta yi yaji, gidanmu take fara sauka, ta ci tuwo, ta yi kuka, Inna ta saka ta gaba su koma tare. Kuma ita ce ke buɗe kowane taron mata da addu'a.

Sai aka ƙirƙiro jihar Kebbi. Ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato, Birnin Kebbi ta cika ta batse, waɗanda ba su sami gida a can ba suka sauka Jega suna zuwa aiki suna dawowa. Cikin 'yan watanni cocinmu ya cika har ana tsayawa a bakin taga. Cikin sababbin zuwan akwai matar wani injiniya, wadda kowa ke kira Madam. Ba zan ɗora mata abin da ba halinta ba. Mace ce mai hannu sake, ita ta sa aka ƙaro bencina, kuma tana da karatu. In ta miƙe addu'a, tsigar jikina tashi take yi. "Ya Ubanmu na sama, Allah Maɗaukaki, Madawwami, Sarkin sarakuna, Makiyayi nagari, Mafakar masu wahala," haka za ta jero su ba tuntuɓe, muryarta tana hawa tana sauka. Ni a lokacin na gama makarantar horon malamai ke nan, ina koyarwa a wata firamare, ina jin duk gidanmu babu wanda ya kai ni sani. Na ce a raina, yawwa, yanzu na ji addu'a.

Wata Lahadi bayan sujada mata suka zauna taronsu, Inna ta durƙusa ta buɗe kamar kullum. Ta yi barka da rana, ta tambayi aiki, ta tambayi gajiya. Da ta zo kan 'yar maganar da ta kawo ta, bakinta ya suɓuce ta ce, "Ranka shi daɗe, ka san komi." Wasu 'yan mata biyu daga cikin baƙin suka tuntsire da dariya, suka toshe baki da gyale. Ina zaune a baya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da aka tashi, Madam ta zo ta riƙe hannun Inna tana murmushi. Ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, tambaya ce. Wa zai ja wa Allah rai? Kuma yaya za ki tambaye shi gajiya? Allah yana gajiya ne?"

Inna ta ce, "Na san ba shi gajiya, ɗiyata. Ladabi ne. Ko ubanki kwance ya wuni cikin inuwa, in kin zo ai sai ki ce mashi ina gajiya."

"Amma wannan ai Allah ne, Mama, ba tsohon ƙauye ba."

"An ce muna Uba ne. Tau ni, haka anka koya mani zuwa gaban uba."

Madam ta yi dariya ta ce to, suka rabu lafiya. Amma magana ta riga ta fita. Kafin sati ya zagayo, ana ta kwaikwayon Inna a bayan coci, wannan ta ce ina gajiya, waccan ta amsa babu gajiya, a fashe da dariya. Har cewa aka yi shirun nan da take yi a tsakani, maganar ce ke ƙare mata.

Da abin ya tsaya a dariya da da sauƙi. Amma an riga an sa ranar babban taro: matan cocin Jega, da na Aliero, da na Maiyama, za su haɗu a Maiyama da bazara bayan an cire albasa, a zaɓi uwar zumunta ɗaya da za ta riƙe su duka. Kowa ya san in da shekaru da wahala ake bi, Inna ce. Ita aka ba buɗe taron ma. Sai aka fara cewa zamani ya canza, yanzu muna da jiha, manyan baƙi za su zo daga Birnin Kebbi, bai kamata a sa gaba da wadda ba ta iya addu'a ba. Aka tsayar da Madam. Kuma duk mun sani in Inna ta faɗi a Maiyama, ko a Jega ba za ta sake buɗe taro ba.

Inna ta ci gaba da harkokinta. Amma kwana uku a jere ban ji barka da asuba daga ɗakinta ba. Tana tashi, tana durƙusawa, ina ganinta ta labule, sai dai leɓɓanta kawai ke motsi. Wannan ya ci mini rai fiye da dariyar. Na ji haushin Madam, na ji haushin 'yan matan nan, kuma in faɗi gaskiya na ji haushin Inna ma, don me ba za ta yi irin ta mutane ba?

Sai na yanke shawara irin ta mai sabon ilimi. Na yage takarda daga littafin shirya darasi, na zauna na rubuta mata addu'a. Duk wani babban suna da na taɓa ji an kira Allah da shi, na zuba. Na ɗauki na Madam, na ƙara da na fasto, na tono wasu da ko ni ban cika gane su ba. Maɗaukaki, Madawwami, Mabuwayi, Marar farko marar ƙarshe, Mahaliccin abin da ake gani da wanda ba a gani. Na karanta wa kaina sau biyu, na ji daɗin kaina ƙwarai.

Na kai mata tana tsinke zogale. Na ce, "Inna, za ki hardace wannan. Sati uku ya rage. Zan riƙa faɗi kina maimaitawa."

Ta dubi takardar, ta dube ni. Na zaci za ta kore ni. Sai ta share hannu a zani ta ce, "Tau, malama. Hwaɗi in ji."

Wannan amsar har yau tana sosa mini zuciya. Mace mai jikoki ta zauna gabana kamar 'yar aji ɗaya, don kawai kada a raba ta da matan da ta yi wa hidima rabin rayuwarta. Ni kuwa ban ga haka ba a lokacin. Na ɗaure fuska irin ta aji, na kafa dokoki. A tsaye za ta yi, ba durƙuso. Takalmi a ƙafa. Murya sama. Ba barka, ba sannu, ba labarin akuya. Kuma uwa uba, ba shiru.

Ta ce, "Shirun mi ya yi muku?"

Na ce, "Mutane cewa suke mantawa kike yi."

Ta ajiye zogalen. Ta ce, "Ke, kin taɓa gaida babba ki wuce ba ki jira ya amsa ba?"

Na ce, "To amsawa yake yi, Inna? Kina jin murya?"

"Ba ni jin murya. Ubana ma na Kuberi ba kullum shika amsawa da baki ba. Wata rana kai kawai shika ɗagawa. Amma da ba ki tsaya ba, ina za ki gani?"

Sai na yi abin da malamai ke yi in ɗalibi ya fi ƙarfinsu. Na ce mu koma layi na farko.

Babana yana jinmu daga zaure. Ranar da ya gaji ya leƙo ya ce, "Ni dai sanda nike soja, ba ni karɓar sabuwar bindiga ana gobe hita." Na ce masa wannan ba bariki ba ne. Ya ce to, ya koma ya kunna rediyonsa.

Inna ta dage. Tana tuƙa tuwo tana Maɗaukaki, tana wanki tana Madawwami. Mabuwayi ne ya tsaya mata, in ta zo kansa sai ta tsallake ko ta maido Madawwami sau biyu. Wata Asabar na raka ta ƙauyen Danwarai ta ƙasar Aliero, gidan wata Hajiya da suka shekara goma suna hulɗar albasa. Mijin Hajiya babban manomi ne, kuma lokacin an cire, ana ware mai kyau da mai tabo kafin a adana. Suka baje a tsakar gida cikin tarin albasa, hannu yana aiki, Inna tana ta motsa baki. Hajiya ta ƙura mata ido can ta ce, "Ke lahiya? Ko makarantar allo kika shiga da tsuhwanki?"

Inna ta yi dariya ta ba ta labari tun daga ina gajiya har takardata. Hajiya ta yi dariya har ta share hawaye da bakin mayafi. Sannan ta jefa wata ruɓaɓɓiya gefe ta ce, "Mu dai sallarmu da Larabci munka iske ta, haka za mu bar ta. Amma in na sallame na ɗaga hannu, da Hausar uwata nike kuka. Ke da anka bar ki ki yi da bakinki tun daga hwarko har ƙarshe, mi ya kai ki ga aro?" Ta juyo kaina ta ce, "Ke kuma 'yar boko, Allah shi shirye ki." Na yi murmushin dole, a raina ina cewa me Hajiya ta sani a harkar coci.

Ana jibi taro Inna ta karanto mini addu'ar daga farko har amin, a tsaye, ba kuskure. Na tafa mata. Ita ba ta yi murmushi ba, ta tambaye ni ko ta iya zama.

Ranar taro muka cika bayan akori-kura tun da sassafe, mata cikin zani iri ɗaya, ana waƙa ana kaɗa tulu har Maiyama. An kafa babbar rumfa ta zana a filin da ke gefen coci. Rana tun hantsi ta fara gasa mutane. A bayan rumfa an jera murahu, masu girki sun ɗora manyan tukwane. Matan Aliero sun zo, na Maiyama suna gida, sannan ga na ƙauyuka, tsofaffi daga Kuberi da kewaye, da ƙafa suka tako, wasu da goyon jikoki, suka zazzauna a ƙasa can bakin rumfa don bencina sun cika. A gaba kuma an jera kujeru masu hannu, fastoci da baƙin Birnin Kebbi suna ta fifita da takardun tsarin taro. Ni ba 'yar zumunta ba ce tunda ban yi aure ba, amma na kutsa na tsaya jikin wani ginshiƙi daidai inda Inna za ta iya ganina.

Aka yi waƙa biyu, aka kira ta. Ta fito da takalmanta, ta tsaya, ta rufe ido. Ta ɗaga murya yadda na koya mata. "Ya Ubanmu na sama, Allah Maɗaukaki." Na ga wata baƙuwa ta gyaɗa kai. "Madawwami, Sarkin sarakuna." Na ga Madam ta buɗe ido ta sake rufewa. Ni kuwa ina bin ta da leɓɓana. Sai ta tsaya.

Mabuwayi ne. Na faɗe shi a hankali, na sake faɗa, amma idonta a rufe yake, kuma tsakaninmu da nisa. Shiru ya yi tsawo. Wannan karon mantawar ce da gaske. Wani fasto ya yi gyaran murya. Wani jariri ya yi kuka aka jijjiga shi. Can baya na ji wata ta yi 'yar dariya ta haɗiye. Na sunkuyar da kai na ce shi ke nan, na kashe uwata da hannuna.

Sai na ji ƙarar silifa a ƙasa, ɗaya, biyu. Na ɗago. Inna ta tuɓe takalmanta, ta tattara zaninta, ta durƙusa a kan turɓaya gaban kujerun manya. Ta gyara kallabi. Da muryarta ta gida, wadda ba ta ɗagawa, ta ce:

"Baba, ka yi mani haƙuri. Da bakin aro na zo maka, ya kuwa ƙi zama. Bari in gaishe ka. Barka da hantsi."

Ta yi shiru. Ba wanda ya motsa. Har masu fifita suka dakata.

"Ina aiki? Ina ɗawainiya da mu? Sannu da haƙuri, don mun san muna da wuyar sha'ani."

Ta sake yin shiru. Sannan ta shiga ba da labari, kamar yadda take yi a ɗakinta, sai dai yau gidan ya yi girma. Ta ce mutanen Jega sun iso lafiya, motar ba ta ba su wahala ba. Ta ce na Aliero sun cire albasa, bana ta yi, an gode. A nan wata tsohuwa daga bakin rumfa ta ce "Madalla" da ƙarfi, kamar ita ake gaisarwa. Ba wanda ya yi dariya. Inna ta ce na Kuberi da ƙafa suka zo cikin wannan rana, ka ga ƙafafunsu. Ta ce akwai mata uku a nan da suka binne 'ya'ya tun taron bara, ba sai ta faɗi suna ba, ka san su, kai ka karɓi yaran. Rumfa ta ɗauka da "Allah sarki." Na ji wata ta fashe da kuka a gefena.

Ta ce, "Ga kuma baƙinmu da sabuwar jiha ta kawo muna. Sun baro gidajensu da danginsu, ba su saba da zahinmu ba, ba su saba da ruwanmu ba. Ka sanyaya musu. Sun zo muna da karatu, mun gode."

Ta daɗe shiru bayan wannan, har na ɗauka ta gama. Sai ta ce, "Dama wata 'yar magana ce ta kawo ni. Yau za a yi zaɓe. In ni ce, ka ba ni ƙarhi, don gwiwa ta hwara ciwo. In ba ni ba ce, ka ba ni haƙuri mai yawa, don ka san halina, zan ji zahi, ba ni ɓoye maka. Tau, ba sallama nike ba, aiki za mu kama. Cikin sunan Yesu."

Amin ɗin da aka yi, ban taɓa jin irinsa ba a taron mata. Ba ihu ba ne, nauyi ne da shi. Inna ta dafa ƙasa ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa, ta ɗauki takalmanta a hannu ta koma benci. Ko kallon inda nake ba ta yi ba, na kuwa gode wa Allah da hakan.

Da aka ba da hutun shan ruwa na nufe ta, ban san ma me zan ce ba. Sai na tarar wata tsohuwa daga Kuberi ta riga ni, 'yar ƙarama, duk ta ranƙwafa, ta riƙe hannun Inna da hannu biyu. Tana cewa, "Tun zamanin mijina nike zuwa coci, ban taɓa buɗe baki gaban mutane ba. Ni cewa nike sai mai manyan sunayen ga shika saurara. Ashe ko gaisuwa na kai mashi shina karɓa?"

Inna ta ce, "Ki dai gaishe shi, yaya. Sauran magana da kanta za ta zo."

Na tsaya a bayansu kamar an dasa ni. Sati uku ina koyar da wannan matar yadda ake magana da Allah. Ni.

Bayan wa'azi aka zo zaɓe. A shekarun nan zaɓen layi ake yayi, har a coci. 'Yan takara su tsaya a gaba su ba jama'a baya, kowa ya je ya tsaya bayan wanda yake so, ba ƙuri'a ba ɓoyo. Aka fito da Inna da Madam, aka tsayar da su nesa da juna, aka ce kada wadda ta waiwaya sai an gama. Ni da ba ni da ƙuri'a na zagayo na tsaya gaban Inna. Ta rufe ido, ta haɗa hannu a ciki.

Na san addu'a ta taɓa mutane, amma taɓa zuciya daban, tsayawa layi a idon kowa daban. Matan ma'aikata suna da yawa, kuma da yawa cikin namu sun ci alherin Madam. Aka ce a tashi. Bencina suka yi ƙara. Baƙin da wasu na Jega suka nufi bayan Madam, layinta ya miƙe da sauri, ba laifi. Bayan Inna mutum huɗu, biyar.

Ashe tsofaffin bakin rumfa tashi ke yi musu wuya. Sai da suka dafa ƙasa, suka dafa juna, suka gyara goyo, sannan suka taho a hankali. Na Aliero suka bi. Na Maiyama suka bi. Wasu da suka fara tsayawa bayan Madam suka dubi ƙasa, suka sulale suka dawo. Layin ya kai ƙarshen rumfa, ya fita cikin rana, ya lanƙwasa wajen bishiyar dalbejiya. Sai ga masu girki sun taho daga baya da gudu-gudu, ɗaya ko ludayin ba ta ajiye ba, suka tsaya a ƙarshe suna haki.

Inna ba ta ga ko ɗaya ba. Ba ta buɗe ido ba ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Ke, kina nan?"

Na ce, "Ina nan, Inna."

"Hwaɗa mani gaskiya. Akwai mutum bayana?"

Na dubi layin da ke bayanta. A duk rayuwata, kafin ranar da bayanta, ban taɓa jin alfahari da wani mahaluƙi kamar yadda na ji da wannan mata mai ƙura a gwiwa ba. Da ƙyar na ce, "Inna, har masu tuwo sun baro tukunya."

Na ga hawaye ya gangaro mata ta gefen hanci, ba ta share ba. Sannan ta ce, "Tau wa ke kallon wuta? Maza tahi, kada abincin mutane shi ƙone."

Na ruga bayan rumfa, na tarar tukunya ɗaya har ta fara kamu. Na janye itace, na kama muciya da hannu biyu, ina tuƙa tuwon mutane ina kuka, hayaƙi kuwa ya rufa mini asiri.